Auna Kuloci da Filawil a Injin Volkswagen Beetle: Nazari kan Sauyin 1967

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ma'aunan kuloci da filawil a injin Volkswagen Beetle mai sanyaya da iska. Ta nuna cewa shekarar ƙirar mota ba ta isa hujja wajen zaɓen kayan gyara, domin galibin waɗannan motoci an sha sauya musu inji ko giyabos. Awo ne kaɗai ke raba gardama.

Gabatarwa

An ƙera Beetle a Jamus, daga baya aka ci gaba a Meziko har 2003, kuma an fara haɗa ta a Legas a 1975. Tsawon wannan zamani ya sa sassa masu kama da juna, amma masu bambancin girma, suka cakuɗe a hannun makanikai. Babban sauyi ya zo a 1967, lokacin da aka fara komawa daga lantarki mai bolti 6 zuwa mai bolti 12.

Hanyar Awo

Ana buƙatar awo huɗu: ƙirga haƙoran filawil, auna faɗin fuskar da faifan kuloci ke kwanciya, duba tsakiyar murfin da ke matse faifan, sannan auna wasan karanshaf gaba da baya da ma'auni mai agogo.

Sakamako da Tattaunawa

Filawil ɗin bolti 6 haƙora 109 gare shi, na bolti 12 kuwa 130. Idan haƙoran sitata ba su dace da su ba, sai su cinye juna. Na 130 ya ɗan fi faɗi, shi ya sa yakan goga a bakin tsohon giyabos.

Faifan kuloci iri biyu ne: milimita 180 da 200. Sai dai adadin haƙora ba ya tabbatar da faɗin faifai, domin akwai filawil mai haƙora 109 da ke ɗaukar faifan 200. Dole a auna kowanne daban.

Murfin da aka yi kafin 1971 yana da zobe a tsakiya, na bayansa ba shi da shi. Giyabos ne ke nuna wanda ya dace, ba inji ba.

Wasan karanshaf ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 0.07 da 0.13. Ana daidaita shi da siraran wasoshi uku a bayan filawil, don haka duk wanda ya sauya filawil sai ya sake wannan awo. Haka kuma, in za a fere fuskar filawil, a rage matakin da murfi ke zama daidai gwargwado, in ba haka ba kuloci zai riƙa sulɓewa.

Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar a rubuta waɗannan ma'aunai huɗu kafin a sayi kowane sashe. Kayan waɗannan motoci na ƙara wuya, kuma filawil ɗin asali da aka lalata ba lallai a sami madadinsa ba.