Yadda Faransa Ta Fara Ƙidayar Hukunci da Ɗauri

A 1827 Ma'aikatar Shari'a ta Faransa ta fitar da wani kundi da galibinsa jadawali ne: mutum nawa aka gurfanar a 1825, a wane lardi, kan wane laifi, nawa aka sallama, nawa aka ɗaure, nawa aka yanke wa hukuncin kisa. Guerry de Champneuf, shugaban sashen manyan laifuka a ma'aikatar, shi ya tsara aikin. Masu gabatar da ƙara na larduna su cike takardu, su aika Paris, a tara a buga duk shekara. Daga baya aka ƙara shekarun wanda ake tuhuma, da sana'arsa, da ko ya iya karatu.

Adolphe Quetelet, masanin taurari ɗan Beljiyam, ya jera kundin bara da na bana, ya ga lissafin kusan ɗaya ne, har irin makaman da ake kisan kai da su. Abin ya girgiza shi, ya ɗora wa al'umma kaso mai tsoka na alhakin laifi. A 1833 wani matashin lauya, André-Michel Guerry, ya zuba alƙaluman a kan taswira, sai ga shi arewa maso gabas, inda karatu ya fi yawa, sata ta fi yawa can fiye da lardunan da jahilci ya yi wa katutu. Masu cewa makaranta ce maganin laifi ba su ji daɗi ba. Sai dai a ganina jadawalin waɗanda suka shiga hannu kaɗai yake ƙirgawa. Ɓarawon da ya sha, babu shi a ciki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yawan sallama. A manyan kotunan wancan lokaci, kusan mutum 4 cikin 10 wanke su ake yi. Dokar laifuka ta Napoleon ta 1810 tana da tsanani ainun, don haka 'yan ƙasa 12 da ake zaunarwa su tantance laifi sukan gwammace su ce mutum bai aikata ba, da su miƙa wuyansa ga hauni. Kowace shekara gwamnati na ganin wannan a rubuce. A 1832 aka gyara doka, aka ba su ikon su tabbatar da laifi amma su ce akwai dalilin sassauci, alƙali ya rage hukunci.