Jere da Adon Bango a Magariya da Dungas

Jere shi ne adon da mata ke yi wa bangon ɗaki da kayan aure: ƙorai, faya-fayai, tasoshi da kwanuka, a shirya su sahu-sahu har su kusa taɓa rufi. Al'adar ta game ƙasar Hausa, har da kudancin Damagaram, inda gundumomin Magariya da Dungas ke bakin iyakar Najeriya. Dungas na cikin tsoffin garuruwan Sosebaki, ita da Wacha da Mirya, kuma sai a 2011 aka cire ta daga Magariya ta zama gunduma mai zaman kanta.

Jeren farko na ƙorai ne masu zane da faya-fayan kaba. Goriba ta wadata a kwarin Korama, saboda haka kaba ba ta yi wa mata wuyar samu ba. Su tsaga ta, su rina wani sashe da karan dafi, su ɗinka. Mai hali takan ƙara da tasoshin tagulla.

Gyaɗa ce ta sauya fuskar bangon. A tsakiyar ƙarni na 20 Magariya na cikin manyan yankunan noman gyaɗa a Nijar, kuɗi ya shigo hannun manoma, fatake kuma suka riƙa hauro da kwanukan fenti daga Kano: langa, samira, kumbo, masu furanni ja da shuɗi. Uwa takan soma tara su tun 'yarta na ƙarama. Ranar jere gwaggo da inna da ƙawayen uwa ne ke aikin, manya a ƙasa, ƙanana a sama, launi ya bi launi. Daga nan mata su yi ta shigowa ganin ɗaki, suna yabo da baki suna ƙirge da ido. Akasarin kwanukan nan ba a taɓa zuba musu tuwo ba. Dukiyar matar ce, miji ba shi da iko a kai, kuma a shekarun fari irin na 1973 da 1984 da yawa sun koma kasuwa don sayen hatsi. Daga baya kabet mai gilashi da tangaran suka karɓe wurin.

Maza ma suna da nasu bangon, wato zanen dagi da magina ke fitarwa a fuskar zaure, kamar yadda ake gani a unguwar Birni ta Zindar. Sai dai shi ba ya ciruwa, balle a kai shi baje koli.

Faifai kuwa ya tafi baje koli. Gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, ya ba masu sana'ar hannu rumfunan aiki da sayarwa, sannan bikin SAFEM na sana'o'in mata ya ƙara buɗe kasuwar. Abin da ke jan mai saye a fili yake: kayan bango ba su cin wuri, ana ganinsu gaba ɗaya a kallo guda, kuma suna shiga akwatin matafiyi. Masu ɗinki suka bi kasuwa, faifan ya ƙara faɗi, aka sa masa maratayi a baya, rinin kanti ya yawaita. Wani ya yi kyau ƙwarai, wani kuma ɗinkinsa ya yi sako-sako, tunda an san ba zai rufe ƙwaryar fura ba.

A manyan zaurukan fasaha na duniya ma kayan rataye na tashe. El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, ya yi suna da manyan shimfiɗun bango na murafun kwalba, har ya karɓi lambar Zakin Zinariya a Venice a 2015. Sunansa na rubuce a gefen kowane aiki. Faifan ƙauyukan Dungas kuwa yakan bi ta hannun dillalai daga kasuwar mako zuwa Zindar ko Kano, kuma galibi sunan ƙasa kawai ake rubutawa a ƙarƙashinsa, ba na matar da ta ɗinka ba.