Faɗin Mazauni da Ƙarancin Yawa: Nazari a Kan Rayuwa da Yaɗuwar Kifin Aku Mai Tozon Goshi, Bolbometopon muricatum

Tsakure

Wannan maƙala ta duba rayuwa da yaɗuwar kifin aku mai tozon goshi, wanda ya fi duk danginsa girma a tsaunukan murjani na Tekun Indiya da Tekun Fasifik. An gina ta a kan sakamakon binciken da masana suka gudanar a Ostareliya da Tsibiran Solomon da Fiji da Palau da tsibiran Wake da Palmyra. Hujjar da ta kafa ita ce, faɗin yankin da ake samun kifin yana ɓoye raunin da ke tattare da yanayin rayuwarsa, don haka ma'aunin da ya dace da halin da yake ciki shi ne yawansa a kowane tsauni da aikin da yake yi a wurin. Maƙalar ta kawo sukar da ake yi wa wannan matsayi ta fuskoki uku, ta amsa su, sannan ta ba da shawarwari.

Gabatarwa

Kifayen aku sun kusa kai nau'i 100. Abin da ya haɗa su shi ne haƙoran da suka manne da juna suka zama kamar bakin aku, da kuma wasu haƙoran a maƙogwaro waɗanda ke niƙe duk abin da bakin ya gutsuro. Masanin halittu na Faransa, Achille Valenciennes, shi ya fara bayyana nau'in da ake magana a kansa a 1840, kuma shi kaɗai ne a rukunin Bolbometopon. Tsawonsa yakan kai mita 1.3, nauyinsa kilo 46, launinsa kore ne mai duhu, goshinsa kuwa yana ƙara tudu yayin da yake manyanta. Wanda ya dubi taswirar mazauninsa zai ɗauka babu abin da zai taɓa shi, domin ta mamaye kusan rabin zagayen duniya. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: me ya sa kifin da ke da faɗin mazauni haka yake ɓacewa daga tsibiri bayan tsibiri, har Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya shi cikin jerin nau'o'in da ke fuskantar barazana tun 2007?

Yaɗuwarsa a Tekuna

Daga yamma, mazauninsa ya faro ne daga Bahar Maliya, har da gaɓar Sudan, ya gangara gabashin Afirka, ya ratsa tsibiran Tekun Indiya da Indunusiya da Filifin, ya kai Samoa da Tsibiran Line a tsakiyar Fasifik. Daga arewa ya tsaya a tsibiran Yaeyama na Japan da tsibirin Wake, daga kudu kuma a Babbar Katangar Murjani ta Ostareliya da Sabuwar Kaledoniya. Ba a samunsa a Hawayi, ba kuma a samunsa a Tekun Atlantika. Sai dai wannan shimfiɗa a takarda take. A zahiri, manyan kifin suna zama ne a wani siririn layi na gefen tsaunin murjani mai fuskantar igiyar ruwa, galibi a ruwa marar zurfi sosai, kuma tsakanin wani tsauni da wani akan sami ɗaruruwan kilomita na buɗaɗɗen teku da babban kifi ba ya ƙetarawa. Ashe abin da taswira ta nuna a matsayin yanki ɗaya, tarin ƙananan garkuna ne a warwatse, kowanne da makomarsa. A Guam kifin ya kusa ƙarewa. A tsibiran Lau na Fiji, Dulvy da Polunin sun tattara bayanan masunta, suka ba da rahoto a 2004 cewa an daina ganinsa a wasu tsibiran da dattawa suka san shi da yawa. Duk da haka, waɗannan wurare suna nan cikin taswirar kamar ba abin da ya faru.

Yanayin Rayuwa da Tushen Rauni

Abu na farko shi ne jinkirin balaga. Ƙirgen layukan da ke jikin ƙashin kunnensa ya nuna yana iya kai shekara 40, kuma ba ya fara hayayyafa sai tsawonsa ya kusa santimita 60, wato bayan shekara bakwai ko fiye. Duk kifin da aka kama kafin wannan lokaci ya tafi bai bar magaji ba. Yawancin kifayen aku sukan fara rayuwa a matsayin mata masu saka ƙwai, daga baya wasu su rikiɗe su zama maza. Binciken Hamilton da abokan aikinsa a Tsibiran Solomon a 2008 ya nuna cewa wannan nau'i ya bambanta, domin mazansa kan fito ne tun kafin balaga, ba tare da sun taɓa saka ƙwai ba. Hayayyafar tana bin zagayen wata, da sassafe, a wurare sanannu. A Palau an ga taron da ya haura kifi 1,000 a wuri guda, a Wake kuwa Muñoz da abokansa sun ba da rahoto a 2012 cewa manyan maza suna karo da goshi don mallakar filin barbara.

Abu na biyu shi ne barcinsa. Da rana yana kiwo garke-garke, da dare kuma ya kwanta tare da 'yan'uwansa a kogunan dutse da ruwa marar zurfi, a wuraren da ba sa canjawa. Masunta sun san waɗannan makwantai tun zamanin kakanninsu, amma ɗan abin da mashi da hasken wuta suke iya kamawa bai taɓa girgiza garken ba. Zuwan tocilar da ke aiki a ƙarƙashin ruwa, da tabarau na nutso, da ƙanƙara da kasuwar birni, shi ya sauya lissafin, ta yadda 'yan masu nutso kaɗan za su iya kwashe kaso mai yawa na garke a dare ɗaya.

Abu na uku, wanda aka fi yin sakaci da shi, shi ne ƙuncin wurin renon 'ya'yansa. Ƙananan ba sa zama inda manya suke. Suna fakewa ne a cikin murjani mai rassa na rukunin Acropora, a kwantaccen ruwan da ke tsakanin tsauni da gaɓa. A yankin Kia na lardin Isabel a Tsibiran Solomon, wani bincike na 2017 ya gano cewa yawan 'ya'yan kifin ya ragu ninki 24 a kusa da inda ake sare itatuwan katako, saboda lakar da ruwan sama ke kwararowa da ita tana binne murjanin. Wannan ya nuna cewa gatari a kan tudu yana iya kashe kifin da mashi bai taɓa ba.

Aikinsa a Tsaunin Murjani

Muhimmancin wannan kifi ya wuce namansa. Bellwood da Hoey da Choat sun ƙiyasta a 2003 cewa babban kifi ɗaya yana gutsure fiye da tan 5 na dutsen murjani a shekara, kusan rabinsa murjani mai rai, ya niƙe shi ya fitar da shi a matsayin rairayi. Ta haka yake rage murjani mai saurin girma da kan danne sauran, yake kuma share matattun rassa da gansakukar da ta lulluɓe su, ya buɗe fili ga sabon tsiro. Babban abin da binciken ya fito da shi shi ne, a gefen tsauni mai fuskantar igiya, kusan duk wannan aiki nau'i ɗaya ne ke yin sa, duk da ɗimbin nau'o'in kifin da ke wurin. Idan ya ɓace daga tsaunin Guam, kasancewarsa da yawa a Ostareliya ba zai niƙa wa Guam ko tsakuwa ɗaya ba.

Suka da Amsoshi

Suka ta farko ita ce ta hukuma. A 2010 ƙungiyar WildEarth Guardians ta nemi Amurka ta sanya kifin ƙarƙashin dokarta ta kare nau'o'in da ke gab da ƙarewa, amma a Nuwamban 2012 hukumar kula da kamun kifin teku ta ƙasar ta yanke cewa bai cancanta ba, domin ba ya fuskantar ƙarewa a duk faɗin mazauninsa. A bisa tambayar da doka ta ɗora mata, hukuncin yana da madogara, tun da akwai garkuna masu ƙarfi a Wake da arewacin Katangar Ostareliya. Amma doka tana tambaya ne ko nau'in zai shuɗe daga duniya, alhali masunci da tsaunin da yake ci daga gare shi suna tambaya ne ko kifin yana nan a ruwansu. Akan ƙara da cewa ƙwai da ƙananan 'ya'ya suna yawo da igiyar teku na makonni, don haka za su sake cika inda ya ƙare. Wannan fata yana buƙatar abu biyu: iyaye a kusa, da murjanin reno mai rai. A inda aka rasa su biyun, igiya ba ta da abin kawowa, ba ta kuma da inda za ta sauke.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ta yaya za a kare kifin da ke cin murjani a zamanin da ɗumamar teku ke kashe murjanin? Binciken McCauley da abokansa a Palmyra a 2014 ya tabbatar da cewa tasirinsa yana da fuska biyu, yana rage gansakuka da taimaka wa yaɗuwar gutsattsarin murjani, yana kuma rage girman wasu murjanin. Bai dace a musanta hakan ba. Sai dai tsaunukan da suka fi yawan wannan kifi suna cikin waɗanda hannun ɗan Adam bai lalata ba, kuma murjani da macinsa sun rayu tare tun kafin a san ɗumamar yanayi. Zafin ruwa da laka su ne sababbin baƙi a tsaunin, don haka a kansu ya kamata magani ya faɗa.

Suka ta uku daga bakin masunta take: kamu bai ragu ba, to ina matsalar? Hamilton da abokansa sun amsa wannan a 2016, da suka kwatanta yankin Roviana na Tsibiran Solomon, inda aka daɗe ana kama shi, da Kia, inda kamun bai yi tsanani ba. Abin da mai nutso ke samu a awa ɗaya bai bambanta sosai ba, amma ƙirgen da aka yi a cikin ruwa ya nuna manyan kifin sun yi ƙaranci ƙwarai a Roviana. Dalilin a fili yake: ragowar kifin suna ci gaba da taruwa a makwanci ɗaya, mai mashi kuma ya san wurin. Kwando zai yi ta cika har daren da garken ƙarshe zai ƙare.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa jinkirin balaga, da barci a garke, da dogaro ga ƙuntataccen wurin reno, su suka sa kifin aku mai tozon goshi yake ƙarewa wuri-wuri duk da faɗin mazauninsa. Palau, inda ake kiransa kemedukl, ta haramta kama shi a 2006, a Roviana kuma, inda sunansa topa, aikin Aswani da Hamilton na 2004 ya nuna yadda ilimin masunta game da makwantai da lokutan wata yake taimakawa wajen zaɓen wuraren da za a keɓe. Saboda haka ana ba da shawarar hana farautarsa da tocila da dare, da kare murjanin reno daga lakar saran daji, da dogaro ga ƙirgen cikin ruwa maimakon yawan kamu. Wajibi ne hukumomi da masu bincike su riƙa auna halin wannan kifi tsauni bayan tsauni, tare da al'ummomin da ke zaune a gaɓarsa, tun yana nan a ruwansu.