Asalin Sa Ido Kan Mai Koyon Aikin Taimakon Jama'a

Jama'a, duk wanda ya riƙe ofis a zamanin En'e ya san nauyin nan: a kawo maka yaro ya koyi aiki a hannunka, wata ya bi wata, ka ga ya kasa. In ka yi shiru ka cuci talakawan da za a danƙa masa, in kuwa ka kore shi da garaje ka karya masa zuciya. To, wannan matsala ta daɗe, kuma a kanta ne masu aikin taimakon jama'a na Ingila da Amurka suka gina hanyar horonsu.

A cikin 1865 wata mace mai suna Octavia Hill ta karɓi riƙon gidaje uku na matalauta a birnin Landan, waɗanda John Ruskin ya ba da kuɗinsu. Mata ta ke aikawa su karɓi kuɗin haya mako mako, su kuma san halin da mazauna ke ciki. Da gidaje suka yi yawa, sai ya zama tilas ta horar da mataimaka da kanta, domin wadda ba ta iya magana da matalauci ba, ɓarnarta ta fi gyaranta.

A 1869 aka kafa wata ƙungiya a Landan don tsara ba da sadaka. A ofisoshinta na unguwa unguwa, baƙon ma'aikaci ya kan zauna ƙarƙashin sakatare, ya karanta takardun gidajen da a ke taimako, ya kai ziyara, ya komo ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan a duba rubutun tare da shi. Watau takardar nan ita ce madubi. A cikinta a ke gane wanda ya rubuta zato a maimakon abin da idonsa ya gani, da wanda tsoro ya hana shi yin tambaya, da wanda tausayi ya sa ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Kowannensu da irin maganinsa.

Can a Amurka, Mary Richmond ta birnin Baltimore ta yi kira a 1897 a buɗe makaranta domin wannan aiki. A 1898 aka fara koyarwa ta mako shida a New York. Daga baya aka riƙa raba lokacin ɗalibi biyu, wani a aji, wani a bakin aiki. A 1936 Virginia Robinson ta fitar da littafi musamman kan duba aikin ɗalibi, inda ta nuna cewa mai dubawa malami ne, ba mai gadi ba.

Aikin ya iso Ikko sa'ad da a ke Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun wani Bature, Donald Faulkner, kuma a 1943 aka yi dokar yara da matasa.

Abin da shekarun nan suka koyar ga shi. Da fari a binciki dalilin kasawar, ko rashin sani ne, ko tsoro, ko wata damuwa ta gida. A gaya masa laifinsa da wuri, a keɓe, a kuma ambaci ranar da ya yi shi da yadda ya yi. A rage masa kaya, a yanka masa wa'adi, a rubuta abin da aka shirya don kada gardama ta tashi. In wa'adi ya cika ya gyaru, madalla. In bai gyaru ba, kada kunya ta sa a sa masa hannu, gama marayu da gajiyayyu ne za su biya bashin wannan kunya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma ba kowane icce ne ke yin azara ba.

Allah ya ji ƙan magabatanmu da suka yi haƙuri da mu muna koyo, amin.