Ayurbeda: Ilimin Magani na Indiya da Rabon Ɗabi'un Jiki

Ayurbeda tsohon ilimin magani ne na ƙasar Indiya. Sunan daga harshen Sanskirit yake, ma'anarsa "ilimin rayuwa". Manyan littattafansa su ne na Charaka, mai magana kan cututtukan ciki da magunguna, da na Sushruta, wanda ya shahara da bayanin fiɗa, sai na Bagbata da ya zo daga baya ya tattara su. Har yau ana karantar da shi a jami'o'in Indiya, kuma a 2014 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikata mai suna AYUSH domin kula da shi da sauran magungunan gargajiya.

Ginshiƙin ilimin shi ne abin da suke kira dosha, wato ƙarfi uku da suka ce su ke tafiyar da jiki da hankali. Bata ta fito daga iska da sarari, ita ke da motsi da numfashi; mai rinjayenta yakan zama siriri, mai busasshiyar fata, mai saurin fahimta da saurin mantuwa, barcinsa ba nauyi. Pitta wuta ce da ruwa, ita ke narkar da abinci. Mai ita ba ya jure yunwa ko zafin rana, ga kaifin basira ga saurin fushi. Kafa ruwa ce da ƙasa: jiki mai ƙiba da ƙarfi, haƙuri, da nawa wajen tashi. Suna cewa tun ranar shigar ciki ake yanka wa mutum rabonsa na ukun nan, kuma yawancin mutane biyu ne ke rinjaye a jikinsu. Lafiya ita ce zaman kowace a ma'auninta, cuta kuwa rinjayen ɗaya fiye da ƙima. Mai magani yakan taɓa jijiyar hannu, ya duba harshe, ya tambayi ci da barci, sannan ya ba da kishiyar abin da ya yi yawa: mai zafi a ba shi mai sanyaya, mai bushewa a shafe shi da man riɗi.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, mu da muka taso muna jin "ciwon sanyi" da "abinci mai zafi". Likitocin Musulmi na da ma sun yi aiki da ɗabi'u huɗu da suka gada daga Girkawa: jini, majina, safra'u da sauda'u. Sun kuma san ilimin Indiya. A zamanin Abbasiyawa an fassara littattafan Charaka da Sushruta zuwa Larabci a Bagadaza, kuma Aliyu bn Rabban al-Ɗabari ya keɓe masa sashe a littafinsa Firdausul Hikma wajen shekarar 850.

Sai dai mu rarrabe. Shawarar cin abinci a kan lokaci, da isasshen barci, da amfani da citta, masoro da kurkum, ba mu ga laifinta ba. Rabon mutane gida uku kuwa hasashe ne na magabata, ba abin da gwajin asibiti ke aunawa ba, don haka ba a barin maganin hawan jini ko na ciwon sukari saboda shi. Ta fuskar aƙida, littattafan suna jingina asalin ilimin ga abin bautarsu Brahma, masu maganin da yawa suna girmama Danbantari a matsayin ubangijin waraka, wasu magungunan kuma ana haɗa su da karance-karancen addinin Hindu. Wannan Musulmi ba ya kusantarsa. Waraka ta Allah ce Shi kaɗai. Haka nan magungunan ruwa da ake kira asaba da arishta tsimi ne mai barasa, akwai kuma haɗin da ake sa fitsarin saniya. A tambayi malami kafin a sha irin waɗannan.

Akwai kuma haɗarin guba. Wani reshe na ilimin, rasa shastra, da gangan yake sa ƙarafa a magani. Binciken da Robert Saper da abokansa suka buga a 2004 ya auna magungunan Ayurbeda 70 da aka saya a shagunan Boston ta Amurka, aka sami dalma ko zaiba ko asenik a cikin 14. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara da ƙoda, tana kuma cutar da ɗan tayi, shi ya sa mai ciki da ƙaramin yaro su ne farkon waɗanda za a nisantar da kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba.