Yadda aka raba jirgin gaɓa da na tsakiyar teku

Duk wanda ya je sayen ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Turai zai tarar da ɗan allo a jikinsa ɗauke da harafi guda: A, B, C ko D. Gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce ko harafin A ya isa mutum ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Atlantika. Dillalai sun ce ya isa. Tsofaffin matuƙa kuwa sun ce su dai a ba su jirgi mai nauyi irin na da.

A da can babu wannan rabe-raben. Tsohon jirgin masunta Joshua Slocum ya sake ginawa, ya zagaya duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898. Robin Knox-Johnston ya kammala zagayen a 1969 ba tare da ya yada zango ba, cikin kwana 312, da jirgin katako da aka ƙera a Bombay.

Abin da ya sauya komai ya faru ne a watan Agusta 1979, a gasar Fastnet. Jirage 303 suka tashi daga Cowes a Ingila, za su kewaya wani dutse a kudancin Ireland su ƙare a Plymouth. Cikin dare guguwa ta ritsa da su. 'Yan gasa 15 suka mutu. An gudu an bar jirage 24, amma biyar ne kawai suka nutse. Sauran an same su daga baya suna yawo a kan ruwa, alhali wasu daga cikin waɗanda suka koma kwale-kwalen roba na ceto sun halaka a cikinsa. A rukunin ƙananan jirage 58, guda ɗaya tak ya kai ƙarshe, wani Contessa 32 mai suna Assent.

Wasu sun ɗora laifin a kan faiba, robar da ta maye gurbin katako. Wannan bai kama hankali ba, domin shi kansa Assent da faiba aka yi shi. Wasu sun ce rashin ƙwarewa ne, to amma igiyar ruwa ta kifar da ƙwararrun ma. A ganina dokar tsere ta lokacin, IOR, ita ce ummul'aba'isi. Ta sa maƙera suna yin jirage masu faɗin ciki marasa nauyi a ƙasa, don samun rangwame a lissafin gasa. Irin wannan jirgi yana da gudu a ruwa mai lafiya, amma in ya kife sai ya yi zamansa a kife. Binciken da aka yi bayan hatsarin ya gwada Contessa 32 da wani jirgin tsere mai kusan girmansa: na farko yana iya miƙewa ko da ya karkata fiye da digiri 150, ɗayan kuwa bai kai 120 ba.

Sai a 1994 Tarayyar Turai ta kafa dokar haruffan, ta zama tilas a 1998. C na jirgin da zai jure igiyar mita 2 ne, B mita 4, A kuwa sama da haka. Da aka sake dokar a 2013 an cire sunayen da aka laƙaba wa haruffan, har da na "babban teku", aka bar ma'aunin iska da igiya kawai. Da ma sunan alkawari ne da babu mai iya cikawa.

Harafin yana magana ne a kan jirgi ranar da ya fito daga masana'anta. A 2014 Cheeki Rafiki, mai ɗauke da A, yana dawowa Ingila daga Antigua sai ƙarfen nan mai nauyi da ke rataye a ƙarƙashinsa ya ɓalle, ya kife, mutum huɗu suka salwanta. Masu bincike na Birtaniya sun gano jirgin ya sha bugar ƙasan ruwa a baya, kuma mai yiwuwa hakan ne ya raunana mahaɗar ƙarfen da jikin jirgin.