Lokacin da igiyar shanya ta zama laifi a Amurka

Wannan makon tarihin igiyar shanya na kawo mana.

A jihar North Dakota ta Amurka, inda sanyi ke daskarar da jiƙaƙƙen kaya a kan igiya, J. Ross Moore ya ƙera injin busar da tufafi. Kamfanin Hamilton ya fara sayar da shi a 1938. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injin ya shiga gidajen masu rufin asiri, har shanya a waje ta koma alamar talauci. Ƙungiyoyin masu gidaje a unguwanni da dama suka haramta ta, wai tana karya darajar gidajen maƙwabta. Ku ji fa, ga rana kyauta, amma a ce sai ka biya kuɗin wuta! Injin kuwa yana cikin kayan gida mafi shan lantarki, domin sai ya zafafa iska ya kuma juya gangar da kayan ke ciki.

A 1995 wani ɗalibi, Alexander Lee, ya kafa ƙungiyar Project Laundry List don neman 'yancin shanya da rage ɓarnar wuta. Jihar Florida ta riga ta yi dokar da ta kare igiyar. Vermont da Maine da Hawaii suka bi sahu a 2009. Inda babu irin wannan doka, har yau ana iya cin mutum tara saboda zanin gado da ya shanya a bayan gidansa.